Mako biyu da Kawu a garin ruwan zafi

Ina shekarata ta uku da karatu a Firag, babban birnin Jamhuriyar Cek, Kawu ya bugo mini waya daga Kano. Ƙwannafi da kumburin ciki sun hana shi sakat, ga ciwon suga ya sa shi gaba. Wani abokin kasuwancinsa ya ba shi labarin garin da ake shan ruwan ƙasa don neman lafiya. Ya ce, "Kai da kake can, bincika mana." Garin shi ne Karlovy Vary, tafiyar kamar awa biyu a bas yamma da Firag. Da bizarsa ta fito, na raka shi.

Garin yana cikin kwari ne, kogin Tepla ya ratsa shi, ga tururi na tashi nan da can. Sunan Sarki Karel na Huɗu ya ci, wanda ya ba shi matsayin gari a 1370. Babbar maɓuɓɓugarsa, Vridlo, tana feso ruwa sama har mita 12, zafinsa ya kai digiri 72. Sauran an jawo su ta famfuna a ƙarƙashin dogayen rumfuna, kowanne da sunansa da zafinsa a rubuce. Shan ruwan kyauta ne.

Wannan kyautar ce ta rinjaye mu ranar farko. Muka sayi kofunan tangaran irin nasu, masu shafaffen ciki da hannu mai rami kamar bakin buta, ta nan ake zuƙa. Kawu ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya ce, "Ai ruwan kanwa ne!" Bai yi kuskure ba, ɗanɗanon gishiri da kanwa ne, da ƙarnin ƙarfe a bayansa. Muka bi famfo famfo muna cikawa, da tunanin yawan sha shi ne yawan magani. Daren nan Kawu bai runtsa ba saboda gudawa. Hankalina ya tashi ƙwarai, domin mai ciwon suga ba a wasa da zubar ruwan jikinsa, kuma ni na kawo shi.

Washegari muka ga likitar masaukinmu, abin da ya kamata mu fara yi. Ta auna jininsa, ta duba magungunansa ɗaya bayan ɗaya, ta ce kada ya kuskura ya ajiye ko ƙwaya ɗaya. Ta bayyana mana cewa akwai gishirin da ke sassauta ciki a ruwan, kuma maɓuɓɓugai masu ɗan sanyi sun fi masu zafi saki. Sai ta rubuta masa famfon da zai je da yawan da zai sha, sau uku a rana, kafin kowane cin abinci. Ba a tsaye ake shanyewa ba, kurɓa ake yi kaɗan-kaɗan ana tafiya.

Tafiyar nan, a ganina, ita ce rabin maganin. Mutumin da a gida daga mota sai shago, sai ga shi bayan sallar asuba yana kai da kawowa a rumfar da ke da ginshiƙai 124, kofi a hannun dama, carbi a hagu, cikin tsofaffin Jamusawa da Larabawa, kowa shiru. Abinci ma awo ake yi masa, babu soye, babu cin dare. Wankan ruwa mai iskar gas da ɗumamen tabo a baya sun yi masa daɗi, amma su ne suka fi cin kuɗi, kuma ban ga sun ƙara wani abu a kan ciwon cikin ba.

Akwai abin da nake so Musulmi ya sani kafin ya je. Za ka ji ana tallar "maɓuɓɓuga ta goma sha uku". Ba ruwa ba ne, giyar garin ce mai suna Becherovka. Wani mai shago ya miƙo wa Kawu ɗan kofi da fara'arsa, na yi maza na ce, "Kawu, kada ku karɓa, barasa ce."

Zuwa ƙarshen mako na biyu ƙwannafin ya lafa, yana barci har asuba. Sugan yana nan, sai dai awon safiya ya ɗan sauko, kuma har yau yana shan ƙwayoyinsa.

Ana gobe za mu tafi ya ce a samo jarka, zai kai wa Inna da mutanen gida tsaraba. Likitar ta riga ta gaya mana cewa da ruwan ya huce iskarsa ke fita, ma'adinan su kwanta, shi ya sa ake shansa a bakin famfo. Kawu bai gamsu ba, ya cika gora ɗaya ya ajiye a taga. Da gari ya waye ruwan ya yi gurɓi, ga jan laka kamar tsatsa kwance a gindin gorar. Ya ɗaga ta ya duba a hasken taga, ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙo mini ya ce in zubar, mu je famfo ya sha na sallama.