Bargon igiyar ruwa da na saƙa wa Inna

Na daɗe ina saƙar kwarashi, amma hannuna bai taɓa wuce hular jarirai da safa da ɗan shawul na suna ba, sai bara da na ƙudura cewa zan saƙa wa mahaifiyata bargo kafin hunturu ya shigo. Sanyi yana taɓa mata gwiwoyi, ga shi kuma takan zauna a kan darduma bayan sallar asuba tana lazimi har rana ta fito. Salon da na zaɓa shi ne wanda layukansa suke hawa suna sauka kamar igiyar ruwa, domin na ɗauka cewa da zarar hannu ya kama layin farko, sauran maimaici ne kawai.

Asalin wannan saƙa lissafi ne. Kowace igiya ɗaya tana cin sarƙa 14, saboda haka dole sarƙar tushe ta zama ninkin 14, sannan a ƙara uku na juyawa. Ni na yi 185, wato igiya 13. A cikin kowace igiya ana jera doguwar saƙa huɗu, wadda ni nake kira sanda saboda yadda take tsayawa, sai a haɗe sanda biyu su zama ɗaya har sau biyu, nan ne kwari yake fitowa. A sake jera huɗu, sai a saka sanda biyu a ido ɗaya, wato ƙofar da ake zura kwarashi, har sau biyu, nan ne tudu. Biyun da aka rage a kwari su ake biya a tudu, shi ya sa faɗin bargon yake zama yadda yake duk da lanƙwasar layukan.

Tun a sarƙar tushe na fara tuntuɓe. Na ja ta da ƙarfi saboda ɗoki, da na kai layi na uku sai gindin saƙar ya tanƙware kamar baka. Na warware, na sake yin sarƙar da kwarashi mai kaurin milimita 5, sannan na koma mai milimita 4 don sauran aikin, nan take ta kwanta.

Kuskuren da ya fi ci mini rai kuwa a gefe ya ɓuya. Sarƙa ukun da ake yi wajen juyawa ana ƙirga su ne a matsayin sanda ɗaya, kuma a ƙarshen kowane layi sai an saka sanda biyu a kan sarƙar juyawa ta layin baya, domin gefen rabin tudu ne. Ni kuwa wani lokaci ɗaya nake sakawa, musamman da dare idan an ɗauke wuta ina aiki da fitilar waya. Idan na juyo na ga lissafin bai zo daidai ba, sai in tsallake ido ɗaya ko in cusa wata sanda a inda ba gurbinta ba, ina cewa ai ba wanda zai lura. Ranar da Gwaggo ta zo gidanmu, wadda ita ce ta fara ɗora mini kwarashi a hannu ina ƙarama, sai ta shimfiɗa saƙar a kan tabarma, ta ninka ta biyu, gefe ɗaya ya gaza ɗan'uwansa da kusan faɗin yatsa uku. Ta dube ni ta ce, "'Yar nan, wannan bargo ne ko zanin ɗaurin ƙirji? Warware shi tun bai fi haka nisa ba." Na ce, "Gwaggo, layi goma sha takwas fa ne." Ta ce ita ma ta iya ƙirga.

Na warware layi goma sha ɗaya a wannan yammacin, ina naɗe zaren da ya yi lauje-lauje a kan guntun kwali. Abin da na samu daga wannan asara shi ne na daina dogara da ƙirge kaɗai, na koyi duban saƙar kanta. Idan aiki yana tafiya daidai, haɗin kwari yana hawa ne a kan haɗin kwarin layin ƙasa, ƙarin tudu kuma a kan ƙarin tudu, har su zama wata miƙaƙƙiyar hanya da ido yake iya bi daga gindi zuwa sama. Da zarar wannan hanya ta karkace, to kuskuren yana cikin sandunan da aka wuce yanzu, kuma gyaransa ba ya wuce minti ɗaya. Na kuma riƙa ɗaura guntun zare ja a kan sarƙar juyawa don kada ta sake ɓace mini.

Kala uku na yi amfani da su, shuɗi da fari da ruwan toka, ina canzawa bayan kowane layi biyu. Shuɗin ya ƙare mini a tsakiya, wanda na ƙaro daga baya kuma ya ɗan fi na farko duhu ko da yake sunansu ɗaya a takarda, tun da ba rini ɗaya ba ne. Ya kamata a ce na sayi isasshe tun farko. Bakin zaren da na bari a kowane canjin kala sai da ya ci mini kwana biyu da allura, alhali da ina ɓoye su a hankali tun ina tafiya da ban ji nauyinsu ba. Guga kuwa ban bari dutse ya kusance shi ba, domin yawancin abin da muke kira ulu a kasuwa zaren roba ne, zafi yana kashe masa laushi ya bar shi a sake har abada. Wanke shi na yi da ruwan sanyi, na shanya shi a kwance.

Ban cika alkawarin lokaci ba, sai da hunturu ya yi nisa, hazo ya rufe gari, sannan na kai mata. Inna ta juya shi gaba da baya, ta shafa wajen da shuɗin ya canza, ta tambaye ni ko da gangan na yi, na ce a'a. Washegari da asuba na same ta ta lulluɓe ƙafafunta da shi, carbi a hannu, gefen mai duhun yana wajen gwiwa.