Yamai da nake son in rubuta

Jiya da marece ina bisa gadar Kennedy cikin cunkoso, raƙumi ɗauke da tabarmi a gabana, taksi na ta oda a baya, sai tunanin labarin nan da na jima ina son rubutawa ya dawo mini. Labarin Yamai ne, amma ta bakin wata tsohuwa mai tuyar ƙosai wadda a idonta garin ya tashi daga ƙauyen bakin kogi.

Kowa dai ya san 1926 Nasara suka ɗauke babban birni daga Damagaram suka kawo nan, abin da ba a cika faɗi a lakwal ba shi ne wa ya ɗauki dutsen, wa ya kwaɓa ƙasar. Aikin tilas ne fa, a kamo ƙarti daga ƙauyuka a zuba su gini da hanya ga lanho ga bulalar gardi, sai 1946 aka soke shi. Su kumandan na Filato, unguwar Nasara da ke kan tudu, suna shan iska, talaka na gangare.

Na karanta wa 'yan fadarmu shafin farko, wani ya ce "kai malam, wannan ai ba ya shayuwa da shayi." Tsohuwar tawa ma har yanzu ban raɗa mata suna ba wallahi.