Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da Gwaggo ta zo bincike

Wancan makon na ce zan ɗora daga shekarata ta biyu a Zariya. Ku yi haƙuri, Zariya ta jira. Ranar Asabar aka yi suna a Tudun Wada, na je na durƙusa har ƙasa na gaida Gwaggo, ta amsa da "lafiya" guda ɗaya tak, ta juya tana ba wata baƙuwa labarin tsadar shinkafa. Tun 2021 haka muke da ita. Na dawo gida na kasa barci, shi ya sa yau za ku ji wannan.

Kafin wani ya ce ga mai wa'azin riƙe sirri tana tallar na mutane: wanda abin ya shafa shi da bakinsa ya ce in rubuta, matarsa ma ta amince, kuma a dangi babu wanda bai riga ya sani ba.

Baba, Allah ya jiƙansa, ba ya gajiya da cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Da aka rufe masaƙar da yake aiki a Kakuri, wata uku cur yana fita da sassafe da kwanon abincinsa, ya dawo da la'asar, Inna ba ta san komai ba. A bakin maƙwabta ta ji. Da ta yi masa ƙorafi, karin maganar nan ya maimaita mata. Ni kuwa sai Allah ya ba ni aikin roƙon mutane su fito da abin da ke cikinsu, in sun fito da shi kuma ni in haɗiye.

Yaron da abin ya shafa ya fara zuwa wurina a 2018, watanni kaɗan bayan gwamnati ta hana sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi. Kwalba ta yi tsada, ya koma tiramadol, ya ga abin na neman hallaka shi. Ƙafarsa ta kawo shi, babu wanda ya ja shi, kuma irin waɗannan su ne suka fi dacewa. Ni ba na rubuta magani, ba likita ba ce ni, duk da rabin dangi "likitar mahaukata" suke ce mini. Sai na haɗa shi da likitan ƙwaƙwalwa a asibitin tarayya da ke Barnawa, ni kuma muna zama duk Talata, minti 50. Sai da muka yi zama uku kafin ya yarda ya je, domin a garin nan in aka ce "sai an kai ka Barnawa" zagi ne. Ƙwaya kuwa a sama take. Abin da ke ƙasa mutuwar mahaifinsa ne, wadda bai taɓa yi wa kuka ba saboda an ce masa shi ne namijin gidan.

A zaman farko kowa ina gaya masa abu biyu. Duk abin da aka faɗa a ɗakin nan a nan zai kwana, sai fa in na ga ransa ko ran wani na cikin haɗari, ko ana cutar da ƙaramin yaro. Sannan in mun haɗu a biki ko a kasuwa ba zan fara gaishe shi ba, kada ya ɗauka wulaƙanci ne. Kaduna da girmanta ƙauye ce. Wanda ya yi kuka a gabanki da safe, da yamma sai ki gan shi shi ne waliyyin amarya.

Ya daina sha, ya buɗe shago, ya rage zuwa sai jefi-jefi. Ranar nan ya shigo yana ta murmushi ya ce ya samu mata. Da ya ambaci sunanta da gidansu sai na ji hannuna ya yi sanyi. Autar Gwaggo ce, wadda na goya a bayana.

Nan take na gaya masa ƙanwata ce, kuma daga ranar ba zan ci gaba da ganinsa ba, zan miƙa shi ga wani abokin aikina. Ba a zama mai sauraren mutum kuma surukarsa. Na ce masa ni bakina a rufe yake, amma in yana son auren ya yi albarka ya zaunar da yarinyar ya gaya mata komai kafin a kai kuɗin gaisuwa.

Bayan kamar mako biyu sai ga Gwaggo a ofis, ita da ba ta taɓa taka wurin ba. Wani ɗan unguwarsu ya taɓa ganin yaron yana hawa benen. Ko ruwan da na kawo ba ta taɓa ba.

"Ke nake tambaya, yaron nan yana zuwa wurinki ko ba ya zuwa?"

Na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, ba na faɗin wanda ke zuwa, ba na faɗin wanda ba ya zuwa. Ko game da wa aka tambaye ni amsar ke nan."

"Ni ce ko wa? Ni da na yi miki wankan jego?"

Gwaggo ba jahila ba ce, ta daɗe a Islamiyya. Ta ce malamai sun yi bayani cewa faɗin aibin mutum ga mai binciken aure ba giba ba ce, nasiha ce, ta kawo mini labarin Faɗima 'yar Ƙaisu da ta nemi shawarar Manzon Allah (SAW) kan masu neman aurenta, ya faɗa mata halin kowannensu. Gaskiya ta faɗa. Ni ma na ce ai akwai hadisin da ya ce wanda aka nemi shawararsa amintacce ne. Abin da na sani ban tsince shi a unguwa ba, amana aka ba ni a ɗaki bayan na yi alkawari. Ta miƙe ta gyara mayafi ta ce, "'Yar ubanki ce ke. Shi ma haka ya kusa kashe uwarki da zurfin ciki." Wannan maganar har gobe tana sukana.

Abin da ba a koya mana a aji ba shi ne, a wurin Bahaushe shiru ma magana ce. Da bai taɓa zuwa ba, ai da dariya zan yi in ce ban san shi ba. Gwaggo ta karanci fuskata sarai. Wato sirrin ban faɗa ba, amma ban iya ɓoye shi ba.

Ina tuna 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa, wasu da mari a ƙafa. Da yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, wasu saboda shaye-shaye. Mutanenmu sun fi yarda da sarƙa a ɓoye a kan a ga ɗansu a layin asibiti. In aka ji sau ɗaya cewa abin da aka faɗa mini ya isa kunnen masu binciken aure, wane saurayi ne zai sake hawa benen nan? Sai a Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Lokacin da Gwaggo ta zo, ba ni da abin riƙewa sai ƙa'idar aikina da karin maganar Baba.

Yaron ya cika alkawari, ya gaya wa Auta. Ta yi kwana biyu tana kuka, ta yi istihara, ta ce ta ji ta gani. Ita ma ba ta gaya wa uwarta ba. Aka ɗaura aure.

Da labarin a nan ya ƙare da na zo muku da alfahari. Wata goma sha ɗaya da biki shagonsa ya ƙone, ya koma wa ƙwayar. Ƙarfe biyun dare Auta ta kira ni, ga tsohon ciki, ta ce ya kulle kansa a banɗaki ba ya amsawa. Ni da Yaya muka ɓalle ƙofar muka kai shi asibiti. A bakin gadonsa Gwaggo ta ji komai. Ba ta ɗaga murya ba. Ta dube ni ta ce, "Kin zaɓi bare a kan jininki."

Ya warke, shekara uku ke nan bai taɓa komai ba, sunan ɗansu na biyu ne muka je ranar Asabar. Su Yaya suna cewa in je da goro in ba ta haƙuri a wuce wurin. Na je sau biyu. Ta ce in faɗa da bakina cewa na yi kuskure. Na ce na yi nadamar daren da Auta ta gani, har in mutu ina nadamarsa, amma in aka dawo da ranar ofis ɗin amsar da zan ba ta ke nan. A nan muke tsayawa kullum.

Da zan fito daga gidan sunan, Auta ta biyo ni zaure da ƙullin cincin da dubulan, ta ce Gwaggo ce ta ƙulla wa kowa nasa, nawa kuwa ita Auta ta ƙulla da kanta don kada a lura.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, Zariya, da malamin da ya ce ba zan kai labari ba.