Masarar da ta faɗi a jadawalina, ba ta faɗi a kasuwa ba

Jama'a, daren jiya na kama ɓarawon. Mako uku cur ina fama da shi, kuma da na gano inda ya ɓuya sai da na tashi na zaga ɗaki sau biyu don murna. Amma kafin murnar akwai haƙurin da zan ba ku. Waɗanda suka karanta bayanin da na yi a ƙarshen watan Yuni, inda na ce masara ta yi mummunar faɗuwa a kasuwar Shikago cikin kwana ɗaya, har na jero dalilai, ku yafe mini. Faɗuwar nan ba ta auku ba. A cikin jadawalina kaɗai ta auku, kuma abin ya yi mini ciwo ƙwarai, domin na san akwai waɗanda suka kwafi alƙaluman daga wurina.

Tun watan Janairu nake rubuta farashin rufe kasuwa na kowace rana a Excel: masara, alkama, waken soya, shanun yanka da maruƙan da ake saya don turkewa. Ko dala ɗaya ban taɓa sakawa a kasuwar ba, so kawai nake idona ya saba, in ga motsi in san dalilinsa. Tsarin da na yi wa kaina tun farko shi ne wata uku na tara alƙaluma, wata uku na gwada alaƙar masara da maruƙa, sannan in shiga alkamar kasuwar Faris. Tsarin nan ya daɗe da cakuɗewa. Yau ga ni a wata na bakwai ina gyaran aikin wata na farko.

Ga yadda abin ya faru. Shafin da nake ɗaukar farashi yana da layi ɗaya da aka rubuta wa masara, ni kuma kullum in ɗauki lambar da ke gabansa in zuba. Ran nan na zuba, sai Excel ya nuna mini faɗuwar da ta fi duk wadda na taɓa rubutawa. Abin da ya ƙara rufe mini ido shi ne lokacin. A ƙarshen Yuni ne Ma'aikatar Noma ta Amurka take fitar da rahoton faɗin gonakin da aka shuka, kuma kowa a cikinmu ya san rahoton nan kan girgiza kasuwa. Sai na ce to, ga dalili a hannu, 'yan kasuwa sun hango gonaki da yawa. Na zauna na ƙulla bayani mai kan gado a kan abin da babu shi.

Zuciyata ba ta kwanta ba saboda abu ɗaya. Shafin da kansa yana da wurin da yake nuna canjin rana, kuma a ranar ɗan ƙaramin canji ya nuna, nesa da abin da lissafina ya ba ni. Da farko na ɗauka tsohuwar cutata ce ta dawo, wato lambar bayan alama. Sababbin cikinmu su lura da wannan: idan kun ga 450'4, ba 450.4 ba ne. Lambar ƙarshe kashi ne cikin takwas na senti, saboda haka 450'4 na nufin senti 450 da rabi. Ni sai a watan Fabrairu na farga, da na ga kullum 0, 2, 4 ko 6 nake rubutawa, ban taɓa cin karo da 7 ko 9 ba, tunda mafi ƙarancin motsin farashi kwatan senti ne, wanda ya kama dala 12.50 a kwantiragi ɗaya na bushal 5,000 (kwantiragi shi ne yarjejeniyar cinikin kayan da za a miƙa a wani wata mai zuwa, bushal kuma ma'aunin hatsi ne a Amurka). Na sake bin layukan ɗaya bayan ɗaya, lafiyarsu ƙalau. Ba nan ba ne.

Sai na koma zargin lokaci. Hatsi ana cinikinsa da dare, a huta, a dawo da safe ƙarfe 8:30 agogon Shikago, kuma farashin da ake tsayarwa a matsayin na rana daban yake da na cinikin ƙarshe da mutum zai gani idan ya leƙa a makare, bayan an buɗe zaman dare. Na taɓa cin wannan tuntuɓen a watan Maris lokacin da Amurka ta tura agogonta gaba da awa ɗaya, na yi kwanaki ina leƙawa a lokacin da bai dace ba. To amma bambancin da wannan ke kawowa senti kaɗan ne. Ba zai haifi ramin da nake gani ba.

A nan ne na yi asarar da har yanzu take sukata. Na yanke cewa shafin kyauta ne yake ba ni gurɓatattun alƙaluma, na je na biya dala 35 kuɗin wata ɗaya a wani shafin da ke sayar da tarihin farashi. Na sauke, na jera kusa da nawa. Ramin yana nan, sai dai ya matsa zuwa wata rana daban, kusan mako biyu gaba. Wallahi ranar kamar in rufe kwamfutar in bar harkar gaba ɗaya. Kasuwa ɗaya, masara ɗaya, shafi biyu, kowanne da ranar da ya ce an yi faɗuwa. Kwana huɗu ban buɗe jadawalin ba.

Ashe amsar tana cikin wannan saɓanin. Jiya na dawo da sanyin rai, na ce in da gaske kasuwa ce ta faɗi, ai ba za ta faɗi a rana biyu ba. Sai na buɗe cikakken bayanin layin, na ga ƙananan haruffan da ban taɓa kulawa da su ba. Kafin ramin an rubuta ZCN. Bayan ramin an rubuta ZCZ. ZC alamar masara ce, N harafin Yuli ne, Z harafin Disamba. Shafin ya sauka daga kwantiragin Yuli ya hau na Disamba ba tare da ya ce uffan ba, ni kuma na ɗebe farashin wannan daga na wancan na kira shi faɗuwa. Shafin farko ya yi sauyin ne a lokacin da yawan ciniki ya koma Disamba. Na biyun, wanda na biya wa kuɗi, ya jira sai da Yuli ya kai ƙarshensa, domin cinikin kwantiragi yana tsayawa ne a ranar aiki ta ƙarshe kafin 15 ga watansa.

Za ku ce ai an yi irin wannan sauyi daga Maris zuwa Mayu, da Mayu zuwa Yuli, me ya sa ban gani ba? Na koma na duba, yana nan, sai dai ƙarami ne, ya saje da motsin yau da kullum. Maris, Mayu da Yuli duk hatsin rumbu ɗaya ne, na kakar da ta wuce, tazarar da ke tsakaninsu galibi ba ta wuce kuɗin ajiya da na jira. Disamba kuwa sabon hatsi ne, wanda a watan Yuni yana tsaye a gona ko bunni bai gama ba. Shekarar cinikin masara a Amurka tana farawa ne 1 ga Satumba. Kenan Yuli yana ba da labarin abin da ya rage a rumbu, Disamba yana ba da labarin ruwan sama da fatan girbi. Idan rumbu ya yi ƙasa, Yuli sai ya ɗaga kai ya bar Disamba a baya. A 2021, bayan Sin ta yi ta jidar masarar Amurka, tazarar ta haura dala ɗaya a kan kowane bushal. Duk wanda yake rubutu irin nawa a shekarar, da ya ga rami mai cin mutum.

Gyaran farko da na gwada shi ne wanda na ga ana yawan ba da shawara: a auna tazarar ranar sauyi, a ɗebe ta daga duk farashin baya, zane ya zama sumul. Ya yi sumul ɗin, amma raina bai so ba. A ce Yuli yana 450, Disamba yana 425. In na ɗebe 25 daga kowane layi na baya, sai in tarar da farashin Fabrairu wanda babu mahaluƙin da ya taɓa saye ko sayarwa a kansa. Ga mai neman siffar tafiya kawai, hanyar ba ta da laifi. Ni kuwa ina so in buɗe kowace rana in ga abin da aka yi da gaske.

Abin da na tsaya a kai yanzu: kowane kwantiragi da gidansa. H, K, N, U, Z na masara, wato Maris, Mayu, Yuli, Satumba da Disamba, kowanne a layinsa na tsaye, kuma ina rubuta biyu ko uku a rana ɗaya maimakon ɗaya. Canjin rana kuma ba na lissafa shi sai tsakanin jiya da yau na kwantiragi guda. Sai na buɗe wani layi dabam na tazarar Yuli da Disamba, wanda yanzu nake ganin ya fi farashin kansa magana. Tarihin da na saya ne ya ba ni damar cike gidajen baya, to ko ba komai dala 35 ɗin ta yi wannan aikin. Da na gama na sake lissafa ranar nan, canjin da ya fito ya yi daidai da na shafin har zuwa kwatan senti. Daɗin da na ji ba ya misaltuwa.

Da safen nan na leƙa shanu, na tarar can ma ɓarawon ya shiga, kuma nasu ya fi wuyar sha'ani. Hatsi ana iya ajiye shi, shi ya sa watanninsa suke riƙe da hannun juna. Sa kuwa idan ya kai yanka ya kai, ba a kulle shi a rumbu zuwa wata biyu. Saboda haka kwantiragin Afrilu da na Yuni kusan kasuwa biyu ne, kowanne da shanun da za su nuna a lokacinsa, kuma na Yuni ya saba zama ƙasa da na Afrilu. Watanninsu ma ba su zo ɗaya da na masara ba: Fabrairu, Afrilu, Yuni, Agusta, Oktoba, Disamba, ana auna su da senti a kan laba, laba 40,000 a kwantiragi, na maruƙa kuma laba 50,000. Kenan ranakun sauyin masara daban, na shanu daban, na maruƙa daban, kuma duk gwajin da na yi a baya na cewa masara in ta sauka maruƙa sukan hau, a kan gurguwar ƙafa na gina shi. Hankali ya yarda da zancen, tunda abinci in ya yi araha mai turke zai iya ƙara kuɗin maraƙi. Amma ƙarancin shanun kansa ya isa ya danne wannan alaƙar, domin ƙidayar Janairun 2024 ta nuna garken Amurka ya sauka zuwa miliyan 87.2, mafi ƙanƙanta tun 1951. Zan sake gwajin daga tushe, kuma ba zan ce muku komai a kai ba sai na gama raba gidajen.

Alkama ban fara gyaranta ba tukuna. Sabon hatsinta Yuli ne, don haka nata ramin yana can tsakanin Mayu da Yuli, na waken soya kuma yana bakin Nuwamba. Wanda ya kwafi alƙaluman Yuni daga wurina ya goge layin masara daga ranar 20 ga wata zuwa ƙarshe, zan sake saka gyararren ran Asabar in Allah ya kai mu. In kuma a cikinku akwai wanda ya riga ya raba gidajen maruƙa, ya taimaka ya faɗa mini ko da yawan ciniki yake yin sauyi ko da ranar ƙarewa, domin tun hantsi nake juya Agusta da Satumba, na kasa tsayar da ɗaya.