Awa Nawa Za Ku Ba Shi? Aikinmu Da Yara Masu Galahanga

Duk uban da ya kawo mana yaro mai lalurar galahanga, wato otizim, kafin ya gama zama sai ya tambaya: awa nawa za ku ba shi a mako? Ban ga laifinsa ba, kasuwa ce ta koya masa haka. Yanzu cibiyoyin horar da ɗabi'a da awa suke tallan kansu, kuma awa 40 ɗin da ake ta yayatawa tana da asali. A 1987 ne Ivar Lovaas na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjelas ya wallafa sakamakon aikinsa da yara 19 da aka riƙa horarwa kusan awa 40 a mako har shekara biyu ko fiye, ya ce 9 daga cikinsu sun iya tafiya daidai da sa'o'insu a makaranta. Daga nan wannan hanyar horar da ɗabi'a da ake kira ABA ta samu karɓuwa. Amma yara 19 ne fa. A 2024 mujallar JAMA Pediatrics ta fitar da wani nazari da ya tattara gwaje-gwaje masu yawa, kuma bai samu hujja mai ƙarfi ba cewa ƙarin awanni shi ke kawo ƙarin ci gaba. Shi ya sa a cibiyarmu ba ma yanka wa yaro awa sai mun san shi.

Sanin yaro kuwa shi ne sana'ar. Matar da ta koya mini aikin nan, Allah ya saka mata da alheri, ba ta bar ni na taɓa yaro ba sai da na daɗe ina zaune a gefe da takarda da biro. Abu uku kawai take so in rubuta: me ya faru kafin yaron ya yi abin, me ya yi, me ya biyo baya. In na ce mata, "Malama, ya yi fushi," sai ta ce, "Fushin kika gani ko ihu kika ji? Rubuta abin da idonki ya gani." A hankali na fahimci dalilinta. Yara biyu suna iya buga kai da bango iri ɗaya, ɗaya yana gudun aikin da aka sa shi, ɗayan kuma ƙarar fanka ce ta dame shi, ko haƙorinsa ke ciwo ba shi da bakin faɗa. Wanda ya yi musu magani ɗaya ya cuci ɗayansu. Mu dai in ba mu gano me yaro ke nema da halin da yake yi ba, ba ma yunƙurin raba shi da shi, domin sau da yawa wannan halin ne kaɗai maganarsa.

Abin da ya fi ba ni daɗi a aikin shi ne ranar da yaro ya fara roƙon abu da kansa. Wanda bai fara magana ba muna fara shi da katin hoto, tsarin PECS da Andy Bondy da Lori Frost suka ƙirƙiro a 1985. Yana son motar wasa, sai mutum ɗaya ya riƙe motar a gabansa bai ce uffan ba, wani kuma daga baya ya kama hannunsa ya miƙa katin, nan take a ba shi motar. Ƙwarewar tana wajen janye hannun. Yau ka riƙe tafinsa, gaba wuyan hannu, sannan ɗan taɓa gwiwar hannu, har ka daina. In ka yi saurin saki ya rikice, in ka yi jinkiri ya saba jiran hannunka. Ladan ma dole ya zo cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, in ba haka ba yaron ba zai haɗa shi da abin da ya yi ba. Wannan ba a karanta shi a littafi, sai an yi shi a gaban wanda ya iya yana gyara maka.

A nan ne takaicina yake. Buƙata ta yi yawa, sai kowa ya zama gwani. A Amurka, alƙaluman yara masu galahanga na hukumar kula da cututtuka ta ƙasar, CDC, sun tashi daga yaro 1 cikin 150 a shekarar 2000 zuwa 1 cikin 31 a rahoton da ta fitar a 2025, kuma zuwa 2019 duk jihohin ƙasar 50 sun wajabta wa kamfanonin inshora biyan kuɗin kula da masu wannan lalura. Inda inshora ke biya da awa, nan masu zuba jari suka kwararo. Kamfanin Blackstone ya sayi CARD, ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin ƙasar, a 2018. A 2023 CARD ta je kotu tana bayyana karayar arziki. Kafin nan an rufe rassa, yaran da suka saba da malamansu suka koma neman wani wuri. Shaidar ƙaramin ma'aikaci ta RBT, wadda BACB, hukumar da ke ba masu wannan sana'a takardar shaida, ta fito da ita a 2014, horon awa 40 take buƙata kafin jarrabawa, da sharaɗin cewa akwai ƙwararre a kansa yana duba shi. Sharaɗin nan shi ake wasa da shi. Daga farkon 2023 kuma hukumar ta daina karɓar sababbin masu neman shaida daga mafi yawan ƙasashen duniya, sai takardu iri-iri suka cika intanet. Mutum ya kalli bidiyo na 'yan kwanaki, ya sayi teburi da katuna, ya kafa allo. Iyaye su je can saboda araha, bayan wata shida su dawo mana da yaron da ya haddace sunayen launuka amma bai iya neman ruwa ba, kuma da ya hango teburi sai kuka. Warware wannan ya fi farawa daga tushe wuya.

Ga kuma ma'aikacin da ka sha wahala ka horar, da hannunsa ya faɗa sai wata babbar cibiya ta ɗauke shi. Wannan kam na bar wa Allah.

Akwai sauyin da nake murna da shi, kuma ba daga wurinmu ya fito ba. Manya masu galahanga da aka horar suna ƙanana sun fito sun faɗi abin da ya yi musu ciwo: tilasta musu kallon ido, hana su kaɗa hannu, da horo mai tsanani da aka yi amfani da shi a farkon zamanin Lovaas, har da jona lantarki. Wasu abokan sana'a suna jin haushin wannan suka, ni kuwa ina ganin gaskiyarsu. Yaro yana kaɗa hannu don ya samu natsuwa, bai cutar da kowa ba, ina ruwana? In ya juya baya ya ture katin, ya ce a'a ke nan, sai mu dakata mu sake dabara. Yawancin aikinmu yanzu a ƙasa muke yinsa cikin wasa, muna bin abin da ya ja hankalin yaron, irin salon Denver na Sally Rogers da Geraldine Dawson, wanda aka wallafa gwajinsa a 2010.

Annobar korona ta 2020 ta tilasta mana aiki ta bidiyo, kuma ban yar da shi ba bayan ta wuce. Ba yaron nake horarwa ta waya ba, mahaifiyarsa nake koya wa. Tana yi masa wanka ko tana sa masa riga, ni ina kallo ina cewa, "Maman yaro, dakata kaɗan, bar shi ya nema tukuna." Ita ke tare da shi safe da dare, abin da ta iya ya fi duk awannin da zan sayar mata. Wasu iyayen ba sa son jin haka, sun fi son su ajiye yaro su dawo su ɗauka, har su ce tunda suna aikin da kansu a rage musu kuɗi. Ba ma ragewa, kuma ba ma karɓar yaron da babu wani babba a gidansu da zai riƙa zama da mu.

Yaran da muke ɗauka ba su wuce adadin da zan iya duba takardar kowannensu da kaina duk mako ba, don haka akwai layi. Mai son shiga, abin da muke fara nema shi ne rahoton likitan da ya tabbatar da lalurar, sakamakon gwajin ji, da gajeren bidiyon yaron yana wasa a gida yadda ya saba, ba tare da kowa ya ce masa ya yi wani abu ba.