Zabuwa da Gwangwanayen Tumatir

Laraba, Ƙofar Marusa, Katsina

Ina idar da sallar asuba na leƙa baranda in duba irin tumatir da tattasai da na shuka kwana 12 da suka wuce, sai gabana ya faɗi. Gwangwani uku a kife, ƙasa ta watse a kan siminti, 'yan tsiron nan masu ganye bibbiyu suna kwance, saiwarsu fara sol kamar zare. Ga sawun kyanwarmu nan raɗau a cikin robar fenti. Zabuwa muke kiranta saboda ɗigo-ɗigon jikinta.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Kawu ne ya kawo mini irin daga Ajiwa, inda yake noman rani a bakin dam, ni kuma na shigo da su ciki saboda kaji da iskar hunturu. Kullum da tafin hannu nake yayyafa musu ruwa.

Ƙanena ya zari tsintsiya zai bi ta. Inna tana kan tabarma da carbi ta ɗaga murya: "Kul, Auta! Ka manta hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa?" Ya ajiye, ya ce to a barbaɗa garin barkono a bakin gwangwanayen. Na ce a'a. Da harshe take wanke ƙafafunta, da ƙafar kuma take goge fuska, ƙarshenta barkonon a idonta zai kwana.

Ina cikin kwashe ƙasar ne na gane abin da ya kawo ta. Tun da aka yi wa tsakar gidanmu daɓen siminti bara, ba ta da inda za ta tona, alhali kyanwa binne kashinta take yi. Ni kuwa na haɗa yashi da taki mai laushi na jera mata a inuwa. Ina za ta je in ba nan ba?

Da hantsi na sayo ragar waya, irin ta kejin kaji, na lanƙwasa ta kamar akurki na kifa a kan ƙananan gwangwanayen, na danne gefe da bulo. Manyan robobin na zuba musu tsakuwa a sama, na kakkafa tsinken tsire, na jera ɓawon lemu, don kyanwa ba ta son ƙamshinsa, sai dai a bushewar hunturun nan kwana biyu zai yi a sake sabo. Ragar ita ma kariya ce gare ta, domin ganyen tumatir yana ɓata wa kyanwa ciki idan ta ci.

Sai na ɗauko tsohon faranti mai zurfi na cika da yashi na ajiye bayan randa, na kuma shuka mata alkama a gwangwani guda, ta samu ganyen taunawa nata na kanta.

Tsiro 7 na iya mayarwa cikin ƙasa, 4 sun karye. Kawu ya ce a waya, "Ki bar su a inuwa, kada ki cika musu ruwa, zuwa jibi za ki ga masu rai."

Bayan magariba ta zo ta shinshina ragar, ta taɓa da ƙafa sau biyu, ta juya. Yanzu da nake rubutun nan ina jin ƙarar tononta a bayan randa.