Gonar Bareyi a Arewacin Wiskonsin

Sunan ɗan fari na ɗan ƙanwata ne ya kai ni Amurka a ƙarshen Fabrairu, lokacin da mai hankali ba ya zuwa. A filin jirgin da na sauka wani jami'i ya zaro kilishin da ƙanwar tawa ta ba ni saƙo, ya ɗaga shi da yatsu biyu yana yatsina fuska, ya wurga a kwandon shara. Dokarsu ta hana shiga da nama, wannan ban ja ba. Amma mutum mai furfura ya gaishe ka, ko kallonsa ba ka yi ba? A Funtuwa yaron da ya yi haka sai an nemi gidansu.

Bayan suna, ɗan ƙanwar tawa ya ce mahaifin wani abokin karatunsa ya ji ni manomi ne, ya gayyace mu gonarsa can arewacin jihar Wiskonsin. Muka bar Madison, muka wuce Wausau, muka bi hanya mai lamba 51 wadda ke ƙarewa a Hurley, kusa da Tafkin Superior. Iskar da ke ratso tafkin ita ke jibge musu dusar ƙanƙara fiye da ko'ina a jihar. Hanya dai ba abin faɗi, fari fat hagu da dama.

Muna karya kwana zuwa gidan na hango masara tsaye a gona, ta bushe ƙayau da zangarniyarta, ƙanƙara ta binne ta har gindin goyo. Na ce, "Innalillahi, mai gonar nan rasuwa ya yi?"

Yaron ya ce, "Kawu, shi ne za mu gani yanzu. Ba don mutane ya noma ba, ta bareyi ce."

Raina ya ɓaci, kuma ban ɓoye ba. Na san gidajen da kwano ɗaya na masarar nan zai raba su da kwana da yunwa a watan Agusta. Da muka zauna na faɗa wa dattijon haka ta bakin yaron. Bai ji haushi ba. Ya ba ni takalman ƙanƙara masu faɗi da rigar ɗansa, ya ce mu je in gani da idona tukuna.

Barewarsu ba irin tamu ba ce, ta fi bunsuru girma nesa, ƙasan wutsiyarta fari, namijin kuma ƙahonsa rassa-rassa, yana zubar da shi duk hunturu ya fito da sabo. Mun tsinci guda a bakin gona. Bayan masarar akwai wani fili, bai kai eka biyu ba, duk an tone shi rami-rami. Dattijon ya sa ƙafa ya ture ƙanƙara, sai ga wani abu kamar dankali, samansa shuɗi-ja, an gatsa rabi. Tanif suke ce masa, ɗan'uwan kabeji ne. Yana shuka shi haɗe da radish, wata saiwa danginsa, daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Agusta, don ya samu wata biyu zuwa uku kafin sanyin farko ya sauka. Ya ce bareyin wurinsa ba sa kula ganyen sosai sai sanyi ya dake shi ya yi zaƙi. In ganye ya ƙare, sai su sa kofato su tono saiwar. Ba ya maimaita shi a fili ɗaya fiye da shekara biyu a jere, saboda cutar saiwa. Masara da waken soya kuwa amfaninsu tsayi: sau da yawa suna saman ƙanƙara, dabba ba ta ɓata ƙarfinta wajen tono.

Nan na fara sauraro da kunnen manomi. Kafin ya zuba iri sai ya aika ƙasar a auna. Ƙasar yankin rairayi ce mai tsami, sai ya zuba garin farar ƙasa mota-mota kafin taki ya yi aiki. Mu nawa ne a cikinmu muka taɓa auna ƙasar gonar da muke ci daga gare ta? Buhun NPK kawai muke bi, in bai yi ba mu ce an cuce mu a kasuwa. A tsakiyar kowane fili ya kafa ɗan keji na waya. Abin da ya tsiro a ciki baki bai taɓa shi ba, don haka in na ciki ya yi tsawo na waje ya kwanta, ya san cinyewa aka yi. In duka biyun sun tsumbure, laifin ƙasa ne. Wannan dabarar kyauta ce, kuma ta shige ni. Waken soya ma sai ya kewaye shi da wayar lantarki duk damina, in ba haka ba tun yana ganye biyu za su share shi. Da na tambaye shi ko ya san wakenmu, sai ya yi dariya, ya ce masu gonar bareyi a jihohin kudu suna shuka shi sosai da zafi, amma a nan sanyin farko ke kashe shi.

Wahalar dabbar ba a Disamba take ba, inji shi, a Maris take. Kitsen da ta tara da kaka ya ƙare, sabon tsiro bai fito ba, matan kuma ga ciki, sai ƙarshen Mayu ko Yuni su haihu. Daidai halin shanunmu a bazara, in harawa ta ƙare ruwa bai sauka ba. Saboda watan nan yake shuka wani hatsi ɗan'uwan alkama a farkon Satumba, wanda ke kwana kore a ƙarƙashin ƙanƙara, ya riga komai farfaɗowa. A Maris ɗin kuma yake watsa irin kuloba, wata ciyawa dangin wake, a kan ƙasa ba tare da huɗa ba. Daskarewar dare da narkewar rana su ke tsattsaga ƙasar su haɗiye irin. Hukumar kula da albarkatun jihar har lissafin tsananin hunturu take yi daga 1 ga Disamba zuwa 30 ga Afrilu: maki ɗaya ga duk ranar da sanyi ya kai kusan digiri 18 ƙasa da sifiri, wani makin ga duk ranar da zurfin ƙanƙara ya kai inci 18. In jimla ta haura 100, to an shiga uku. Hunturun 2013 zuwa 2014 ya wuce nan, kuma dattijon ya ce da ƙanƙara ta narke a shekarar ya yi ta cin karo da gawar ƙananan bareyi a fadamarsa.

Na ce, to me ya hana ka zuba musu buhun masara in abin ya yi tsanani? Ya girgiza kai. Tumbin barewar da ta yi watanni tana cin tsinken itace ba ya ɗaukar hatsi farat ɗaya, sai ya kumbura ta mutu da cikinta cike. Duk mai kiwon rago ya san wannan. Ga kuma wata cuta mai cin ƙwaƙwalwa tana ramar da su, wadda aka gano a jihar a 2002, tana yaɗuwa inda suka haɗa baki wuri ɗaya. Shi ya sa aka hana zuba abinci a yawancin gundumomin jihar, amma shuka ba a hana ba.

Abin da ya fi alfahari da shi ma ba gonar ba ce, fadamar ce, mai itatuwan sida da ganyensu ba ya zuba. Suna tare iska da ƙanƙara, nan bareyi ke taruwa su yi hunturu. Ya ce gonar da ke nesa da mafaka asarar iri ce, don dabba ba za ta ƙona kitsenta a tafiya ba. Yana kuma saran ƙananan itatuwa rabi ya kwantar da su, tohonsu ya sauko inda baki zai kai.

Farautar bindiga kwana tara ce a ƙarshen Nuwamba, kowa da rigar ruwan lemo, kuma a bara ɗaya tak ya harba. Da bakinsa ya ce kuɗin iri da taki da man tarakta sun fi ƙarfin naman. Har yanzu masarar nan tana ci mini rai. Amma na girma ina jin dattawa na ba da labarin gada da barewa a bayan garinmu, ni kuwa ban taɓa ganin ko ɗaya a can ba, kuma babu wanda ya taɓa bar musu ko kunya guda.

Matarsa ta riga ta tambayi abin da muke ci, ta soya mana kifin da ya kamo ta ramin da ya huda a kan tafki, ta share mana ɗaki don salla. Ko sisi sun ƙi karɓa, rigar ma ya ce in tafi da ita.

Mun dawo Madison cikin dare. Daga can na wuce birnin Shikago, tsada kawai, shayi kofi ɗaya kuɗin kwanon shinkafa. A titin Devon na samu naman halal da masallaci. Daga nan sai jirgi, na sauka Kano ana tsakiyar zafi, rigar tana hannuna.